Hanyar Kurfai a idon tsohon likitan dabbobi

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ba su fayyace ko wace irin tafiya suke nufi ba. Mutumin da ya shiga motar haya a tashar Wadata ta Yamai, aka matse shi tsakanin buhun shinkafa da kwandon kaji, ya soma gyangyaɗi tun kafin Hamdallay, bai farka ba sai a Filinge, shi ma ya yi tafiya, ta kilomita wajen 180 ma kuwa. Sai dai in aka tambaye shi abin da ya gani, ba zai wuce ƙeyar direba ba. Wanda ke tuƙa motarsa da kansa ya fi shi da abu guda tak: birki yana ƙarƙashin ƙafarsa, inda ransa ya so nan zai tsaya. Wannan birkin ne wani tsohon likitan dabbobi, haifaffen ƙasar Kurfai, mazaunin Yamai, ya ƙi saki a watan Disamba na shekarar 2018, ko da yake ya san lokacin sakinsa ya yi.

Dattijon ya doshi shekara 70. Ya yi wa gwamnati aiki fiye da shekara 30 yana bin rugage da bakin rijiyoyi yana yi wa shanu allurar rigakafi, kafin ya ajiye aiki ya zauna. Motarsa Peugeot 504 ce, fara, wadda ya saya ta hannu ana sauran ƴan watanni a karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, kuma yakan ce da ya yi jinkiri kaɗan, da har ya mutu bai mallaki mota ba. A ƙarshen damanar 2018 likitan ido ya rubuta masa takarda da Faransanci: yana ta rufe idon hagu, ta kama na dama, sai an yi aiki, kafin nan kuma kada ya kuskura ya yi tuƙi in rana ta yi sanyi. Ya ninke takardar ya cusa ta cikin takardun mota, bai gaya wa kowa ba, har uwar ƴaƴansa.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Filinge. Yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri, ta ce a gaya masa in yana son ya tarar da ita da hankalinta, to ya zo kafin sanyi ya wuce. Ban da wannan, akwai wani tsohon bashi da ke cin ransa. Kabarin mahaifinsu yana wata ƴar tunga arewa da Tukunus, a kan hanyar Abala, gefen wani tabki inda ya koyi iyo yana yaro, kuma rabonsa da wurin an yi shekara 20. Kowace shekara yakan ce sai bayan kaka, kowace kaka kuma ta zo da nata uzurin.

Ɗiyarsa ta ƙarshe ce ta ce za ta raka shi. Ɗaliba ce a Jami'ar Abdu Mumuni, an haife ta a Yamai, Zabarmanci da Faransanci sun fi kama bakinta a kan Hausar Kurfai, kuma ba ta daɗe da samun permi ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Da asubar wata lahadi suka ɗora jarkoki biyu na ruwa, ƙarin taya, shebur, buhun shinkafa, sukari da goro. Ta miƙo hannu tana murmushi ta ce, “Baba, makulli.” Ya ce, “Uwata, hanyar Kurfai ba titin jami'a ba ce,” ya zauna gaban sitiyari.

Maimakon ya ɗauki hanyar Filinge kai tsaye, sai ya bi ta Doso. Yana so yarinyar ta ga raƙuman dawa na Kure, kilomita 60 daga Yamai, domin abin kunya ne, in ji shi, a ce Nasara na biyan kuɗin jirgi daga Faransa su zo su gan su, ɗiyar likitan dabbobi kuwa ba ta san su ba sai a hoto. A nan yana da gaskiya, kuma ba ɗiyarsa kaɗai abin ya shafa ba. A wasu ƙasashe baƙo kan yi hayar mota ya kewaya tsibiri sukutum don ya ga garuruwa da tabkuna da namun daji, amma a nan mutum sai ya tsufa a Yamai yana ɗaukar cewa yawon buɗe ido aikin masu jan kunne ne, alhali abin kallon yana nesan tafiyar sa'a guda da ƙofar gidansa.

A bakin kwalta suka ɗauki ɗan jagora daga rumfar da suke zama, suka sauka cikin gonakin hatsi da aka riga aka girbe. Mota na tafiya a hankali tana karya kara. Ɗan jagoran ya sa aka tsaya, ya hau kan suri ya duba gabas da kudu, ya dawo ya nuna da hannu. Ba a jima ba yarinyar ta kama kafaɗar uban ta ce, “Baba, ga su can! Ɗaya, biyu… biyar, har da ɗan ƙarami!” Dattijon ya ƙura ido. Bai ga kome ba sai inuwar itatuwan gawo da hazon hunturu. Ya ce, “Ai tun ɗazu na gan su.” Sai da ɗaya ta motsa ta rabu da jikin itace sannan ya gane cewa abin da ya ɗauka reshe ne, wuya ne.

Waɗannan dabbobi su ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma gaba ɗaya, irin masu hasken fata, waɗanda a da suke yawo tun daga Senegal har tabkin Cadi. Farauta da sarar daji da fari suka cinye su ƙasa bayan ƙasa. Bayan farin 1984 ne waɗanda suka saura suka gangaro daga wajen iyakar Mali suka samu mafaka a nan, tsakiyar manoma. A 1996 aka ƙidaya su aka samu 49 kacal, a lokacin da har ana kama su don a yi kyauta ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, wasu kuma suna mutuwa a hannun masu kamun. Da aka tsananta hana taɓa su, aka kuma sa mutanen ƙauyuka suka fara ganin amfaninsu, sai suka yi ta haihuwa, har ƙidayar 2017 ta ba da 607. Ɗan jagoran ya ce watan da ya wuce, wato Nuwamba, an kwashe 8 a manyan motoci an kai su gandun dajin Gadabeji a jahar Maraɗi, tafiyar kilomita 800 da wani abu, don kada ƙwai ya taru duka a kwando guda.

Ba shinge, ba gandu. Da damana suna kan tudu suna cin ganyen geza da danginta, da rani su gangara kwari wajen gawo, itacen da ke yin ganye sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe nasu. Tsakanin wuraren biyu kuwa duk gonakin mutane ne. Wani manomi da suka tarar yana ɗaure harawa bai ɓoye ƙorafinsa ba: raƙumin dawa yana cin wake tun yana gona, ya bi shi har kan rumbu, ga mangwaro kuma ba ya barin na sama. Ya ce su dai haƙuri suke yi, don dabba ce da ba ta taɓa mutum, amma haƙuri ba ya cika tukunya. Dattijon ya daɗe yana hira da shi a kan harawa da farashin dusa, kamar ba zai tafi ba. Ɗiyar kuwa tana tsaye can nesa, ta daina ɗaukar hoto, tana kallon yadda uwar ke sunkuyo da kai tana lasar ɗan.

Daga Kure suka yanke arewa ta ƙasar Fakara, kan hanyar jar ƙasa mai gargada, don su fito a kwaltar Filinge wajen Wankama. Tudun Fakara fako ne mai tauri, dajinsa kuma a jere yake layi-layi, layin itatuwa sannan layin fili ƙwal, sannan wani layin itatuwa. Filin da ba kome a kansa shi ke tara ruwan sama ya tura wa itatuwan da ke gabansa, da haka daji ke rayuwa inda ruwa bai isa ya wadaci ko'ina ba. Amma layukan sun yi ta tsinkewa. Itacen da ake dafa tuwon Yamai daga nan yake fitowa, kuma sun yi ta gamuwa da motocin itace, an yi musu lodi ya ninka tsawonsu, suna rangaji zuwa birni.

A wani tabki kusa da Wankama ya taka birki, aka kashe mota. Ruwan ya soma janyewa, ya bar laka mai tsagewa a gefe. Masu buga tubali na aiki a ɓangare guda, shanu na sha a ɗayan, balbelu na bin su, can tsakiya kuma garken kirinjijiya na shawagi suna kukansu mai kama da fito. Ya gaya wa yarinyar cewa ƙarƙashin wannan lakar akwai gaiwa, kifin da ke binne kansa in ruwa ya ƙafe, ya yi watanni yana jiran damana, kuma yara kan haƙo shi da fartanya a tsakiyar rani. Ta yi dariya, ta ɗauka tatsuniya ce, sai da wani mai tubali ya tabbatar mata.

Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne da ya ce a ƙuruciyar aikinsa tabkunan Fakara ba su kai haka yawa ba. Ita a makaranta ta koyi cewa ƙasa bushewa take yi. Duka biyun gaskiya ne. Masana ruwa da suka daɗe suna auna rijiyoyin wannan yanki sun tarar cewa, duk da farin shekarun 1970 da na 1980, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili shi ne an sare daji an mai da shi gona. Ƙasar da aka tuɓe ba ta riƙe ruwan sama, sai ya kwarara ya yanka ƙoramu ya taru a kwari, daga tabki kuma ya tsiyaya zuwa ƙasa. Rijiya ta samu, tudu ya rasa. Dattijon ya ce shi bai auna kome ba, amma ya san ranar da ya fara ganin ƙorama ta raba gonar mutum biyu a wurin da da can sai an sunkuya ake ratsa sabara.

Da azahar suka hau kwalta, ba da jimawa ba kuma hanya ta gangara. Wanda bai taɓa sauka Dallol Boso ba zai yi wuya ya gane abin da ake nufi. Tudu ya ƙare farat ɗaya, ƙasa ta buɗe, sai ga kwari mai faɗin kilomitoci, farin rairayi, goriba da gawo, rijiyoyi birjik. Tsohon kogi ne da ya mutu tun dubban shekaru, wanda ke ɗauko ruwa daga Azawak ya kai shi kogin Kwara wajen Bumba. Ruwan ya ɓace daga sama amma bai yi nisa ba: a tudu sai an haƙa gaba da yawa, a kwarin kuwa wani wuri gaba biyu ko uku an tarar da shi. Duk garuruwan da ke gabansu, Baleyara da Bonkuku da Filinge da Tukunus, a kan gawar wannan kogi suke zaune.

A shingen shiga Baleyara jandarma ya nemi takardu. “Uwata, miƙo su,” in ji dattijon. Ta buɗe aljihun mota ta zaro, wata farar takarda ta faɗo kan cinyarta. Ta karanta ta kafin jandarman ya gama duba inshora, don ta fi uban saurin karatun Faransanci. Ta ninke ta yadda take, ta mayar, ba ta ce uffan ba.

Lahadi ce ranar kasuwar Baleyara, kuma duk mai sha'awar dabba ya san abin da wannan ke nufi. Garin shi ne cibiyar ƙasar Tagazar, a nan Buzaye da Filani da Zabarmawa da Hausawa ke haɗuwa, dillalai na ciniki da harshe uku a numfashi guda, fatake na loda shanu da raguna zuwa Yamai da Najeriya. Yarinyar ta sayi tabarmar kaba da faifai. Uban kuwa ya shige kara, ya manta da duniya. Yana shafa tozo, yana buɗe baki yana duba haƙora, yana tsawata wa wani saurayi da ya ɗaure maraƙi da igiyar roba. A nan ba ya bukatar ido sosai, hannunsa ya san aikin. Sau biyu ta zo ta ce, “Baba, rana tana yin ƙasa,” sau biyu ya ce, “Yanzu, Uwata.” Ba su tashi ba sai la'asar sakaliya.

Abin da likita ya hana shi ne ya faru. Tsakanin Baleyara da Bonkuku magariba ta kama su, a daidai lokacin da ƴan kasuwa ke komawa ƙauyuka, amalanken jakuna a jere bakin kwalta, ba fitila, ba wata alama. Ƙura ta haɗu da hayaƙin girki ta kwanta a kwarin. Wata babbar mota ta taho daga gaba da fitilu a buɗe, hasken ya fashe a idon dattijon ya zama fari fat. Da ya wuce, sai ga amalanke a gabansu, mata uku da yara a kai. Yarinyar ce ta yi ƙara ta fizgi sitiyari. Motar ta sauka daga kwalta ta nutse cikin rairayi ta mutu. Jakin bai ko waiwayo ba. Ɗaya daga cikin matan ta ɗaga hannu ta faɗi wata magana da Zabarmanci wadda ba sai an fassara ba.

Samarin wani ƙauye ne suka taimaka da shebur da kara aka fitar da motar. Dattijon ya ba su goro da ƴan kuɗi, ya koma mazauninsa, hannunsa na rawa a kan giya. Ɗiyar ta tsaya a bakin ƙofarsa ta ɗan jima. Da ta yi magana a gaban samarin nan, da ya ba ta makullin, amma da ta karya wani abu da ba ya gyaruwa. Ta zagaya ta shiga wurinta, ta ce, “Baba, ni zan riƙa gaya maka abin da ke gaba.” Haka suka ƙarasa Bonkuku, tafiyar hawainiya, tana cewa ga jaki a dama, ga rami, ga mai keke, yana cewa na gani. Suka kwana gidan wani tsohon abokin aikinsa.

Safiya ta nuna musu Bonkuku, babban garin ƙasar Imanan, da lambunansa na dankalin turawa da ake ci har Yamai, kore shar a tsakiyar rani saboda ruwan da ke kusa. Daga yamma akwai ƙasar Tondikandiya, inda aka haifi Janar Seyni Kunce a Fandu a 1931. Daga nan zuwa Filinge kwarin yana ƙara bushewa, goriba na raguwa, aduwa da ƙaya na ƙaruwa, jan dutse ya tsaya a gefe kamar ganuwa. Nan da can kuma akwai duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai tsaye su kaɗai cikin rairayi, tsibiran kogin da ya tafi ya bar su. Da hasken safe idon dattijon ya dawo masa da rabi, bakinsa kuma ya buɗe. Harshensa ma ya sauya, yarinyar ta ji yana cewa tahiya da hili da munka, kalmomin da ba ya faɗi a Yamai sai in ya yi fushi.

Yayar tana kwance a kan tabarma a rana, ta rame amma hankalinta garau. Ta ji ƙarar motar ta gane ta. “Likita,” ta ce, “ashe ba ka mance ƙohwar gida ba?” Ya durƙusa ya ce, “Yaya, ina gajiya, ina ƙarhin jiki?” Ta shafa fuskar yarinyar ta ce wannan Inna ce ta dawo, ta sa aka dama fura da nonon shanu. Kwana biyu suka yi, kuma a cikinsu Gwaggo ta ba ɗiyar abin da uban bai taɓa ba ta ba. Ta gaya mata yadda mayaƙan Firhun, sarkin Buzayen Iwillimiden, suka auko wa Filinge a 1916 lokacin da ya yi wa Faransawa tawaye. Ta gaya mata labarin Shibo, matar Shikal, wadda a 1925 wasu sababbin iskoki suka hau kanta, iskokin da ke tafiya irin ta soja suna ba da oda irin ta Nasara, waɗanda ake kira Babule, Zabarmawa kuma suka sani da Hauka. Mabiyanta suka ƙi haraji da aikin tilas, kumandan Crocicchia ya sa aka kulle su a Yamai, sai ga shi shi kansa ya zama iska a cikin iskokin, ana kiransa Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani suka tafi da abin har Ankara ta ƙasar Gana, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous da ya fito a 1955. Yarinyar ta taɓa ganin fim ɗin a jami'a, ba wanda ya gaya mata cewa tushensa yana nan kusa da garin ubanta.

Daren na biyu ya faɗa wa yayar niyyarsa ta zuwa tunga. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Mi za ka nema can? Mutanen tunga sun taso tun bara, rabinsu na nan bayan kasuwa. Wanda ke cikin kushewa ba ƙahwarka yaka so ba, addu'a yaka so.” Ba sabon labari ba ne gare shi. Ya san tun 2012 ƴan gudun hijirar Mali ke zaune a sansanin Abala, ya san tun watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu da Walam, ya san an kai hari a Abala kanta a wannan shekarar. Amma a Yamai waɗannan duka labaran rediyo ne. A nan kuwa sunayen mutane ne da ya yi wa shanunsu allura. Ya ce zai je Tukunus dai, ya ga shanu, in ya so ya ji abin da ake faɗi.

Tukunus na kilomita 20 arewa da Filinge. Tun 1954 ake kiwon shanun Azawak a gandun gwamnati da ke wurin, fili mai faɗin hekta dubu huɗu da ɗoriya, ana zaɓen iri ana rarraba bijimai. Jajayen shanu ne masu gajeren ƙaho da baƙin kwalli a ido, masu jure ƙishirwa, waɗanda ba su da na biyu wajen nono a wannan yanki na Afirka, kuma da nononsu matan garin ke yin cukun da ya yi suna. A nan dattijon ya fara aiki yana saurayi. Wani tsohon makiyayi ya gane shi tun daga nesa, suka rungume juna, suka yi ta lissafin waɗanda suka mutu. Da garke ya taso daga wurin shan ruwa, dattijon ya tsaya a hanyarsu ya bar su suna gogarsa suna wucewa. Ya ce wa ɗiyar a ƙuruciyarsa daga nan zuwa tunga sai ka kori barewa sau uku, wata rana har jimina. Makiyayin ya ce rabonsa da ganin barewa ya manta, sai dila da zabin daji.

Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi. Makiyayin bai ce kada ya je ba. Ya ce, “Likita, hanya tana nan, ba wanda ya ɗauke ta. Tabkin ma na ji shina da ruwa bana. Amma mota hwara, da baƙon lamba, da ɗiya budurwa a ciki, in kun tahi ni ba ni barci sai kun komo. Kuma wanda za shi can, ya kamata shi riga ganin mutane kahin su gane shi.”

Maganar ƙarshen ce ta zauna. Dattijon ya taka shi kaɗai har bakin hanyar da ta miƙe arewa, ya tsaya. Saura tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba. Ya fuskanci gabas ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, ya shafa. Da ya dawo ɗiyar tana jingine da mota. Ta ce da murya ƙasa-ƙasa, cikin Hausar da ta tsinta a bakin Gwaggo, “Baba, na ga takardar likita tun Baleyara.” Ya ce, “Na sani, Uwata. Ba haka na ninke ta ba.” Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro makullin ya sa mata a tafin hannu, ya zagaya ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta ita ba tun da ya sayi motar.

Ita ta tuƙa su zuwa Filinge, kashegari kuma har Yamai ta Hamdallay. Giya ta uku ta sha wuya a hannunta, bai ce kome ba sai sau ɗaya. Abin da ya yi ta yi shi ne cewa tsaya nan. Ta tsaya ya sayi cuku, ta tsaya ya gai da wani mai rijiya, ta tsaya gindin wani dutse don ya nuna mata inda motar aikinsu ta taɓa kwana uku a laka a damanar wata shekara. Tafiyar sa'a uku ta cinye musu yini.

An yi masa aikin ido a farkon 2019, aka dace, har ya koma karanta jarida ba tabarau mai kauri. Yayar ta rasu da bazarar wannan shekarar, ɗiyar ce ta kai shi gaisuwa, suka tsaya a Filinge. A watan Janairu na 2020 aka kashe soja 89 a Shinagodar, can arewa wajen iyakar Mali. Ranar 9 ga watan Agusta na wannan shekarar ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a dajin Kure, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban ƴan jagora, aka rufe wurin ga baƙi. A watan Maris na 2021 aka tare motocin ƴan kasuwa da ke komawa daga Banibangu, aka kashe mutum 58 a yankin. Da labarin Kure ya zo, dattijon ya sa ɗiyar ta nemo hotunan da ta ɗauka a wayarta. Ya riƙe wayar kusa da fuska ya ƙidaya da yatsa, ya samu biyar har da ƙaramin, ya ce ashe akwai ta shida a bayan gawo, wadda ko ita ba ta lura da ita ba.